Guntun Itacen da Ba Ya Hawa Jirgi

Asabar, 4 ga Shawwal, bayan azahar

Mun bar Bira da hantsi. Yau ce rana ta farko da jirgin ruwanmu Minasa ya yi tafiya da ni a cikinsa, ni da na tsufa ina wanke zannuwan da ake kwana da su a jirgin nan. Ɗanmu Asdar ne ya shirya komai. Ya ce hutu ne, Mama, ki saki jiki, mutane daga Turai suke tasowa don su ga abin da ke bayan gidanki. Na ce masa wanda ya rasa aikin yi ba abin koyi ba ne.

Mu shida ne. Ni da maigidana Daeng Ngalle, Asdar da matarsa Wiwik, sai Haji Sattu, abokin Daeng tun suna yaran jirgi, da matarsa Hajja Bau. 'Yarmu Risma ta zauna a gida da yaranta.

Za mu bi tsibirai a hankali har Pasiraya, inda aka haifi Daeng, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, sannan mu juyo. Abin da ke bayan dawowar, mun bar shi a tudu. Haji Sattu bai san abin da likitan Makassar ya faɗa ba, kuma ba daga bakina zai ji ba. Na gaya wa Asdar tun a gida, ya tsaya kusa da ubansa yadda yake so, amma kada ya kuskura ya karɓi sandar tuƙi a gaban baƙi. Sai dai Daeng ya miƙa masa da hannunsa. Namijin da aka ƙwace wa sanda a kan jirginsa, idon abokinsa na kallo, ba ya ƙara ɗaga kai a Bira.

Daeng ya fitar da mu daga mashiga kamar yadda ya saba. Ya ci abinci sosai.

Lahadi, 5 ga Shawwal, da hantsi

Wiwik ta kwana tana amai. 'Yar birni ce, daga Jawa, teku a hoto ta san shi. Na ba ta citta ta tauna, na kuma gaya mata duk wanda ya cika cikinsa da soyayyar ayaba kafin hawa ruwa, kansa ya cuta. Ta ce to, Mama. Kullum to, Mama. Ban sani ba ko ladabi ne ko hanyar rufe mini baki.

Bayan asuba ina zuba gahawa Daeng ya dube ni ya ce, “Kebo, wa ke gida?”

Na ce Risma.

“Itacen fa?”

Na ce yana nan lafiya.

Wiwik ta ɗago kai daga bokiti ta tambaya wane itace. Hajja Bau, da ba a taɓa rigan ta amsa ba, ta zayyana mata. Ranar da za a fara gina jirgi, masassaƙi yana yanke ƙashin bayansa ta gaba da ta baya. Guntun gaba a jefa a teku. Guntun baya a miƙa wa matar mai jirgi ta ajiye a gida, don jirgin ya san inda zai koma. Ta ce shi ya sa ba a taɓa ganina a kan Minasa ba, mai riƙe itace ba ta bin jirgi. Har ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba: wai duk ranar da aka hango ƙyallen iskar Minasa, ni ce ta farko a bakin ruwa da ƙunshina a hannu, shi kuma da ya gan ni sai ya bar wa yaronsa sanda ya tafi gaban jirgi ya tsaya kamar ango.

Na ce wa Wiwik al'ada ce kawai, Allah ne ke dawo da matafiyi, ba guntun katako ba. Haka nake koya wa matan unguwa ranar Juma'a, haka kuma zan ci gaba da koyarwa.

Litinin, 6 ga Shawwal, bayan la'asar

Haji Sattu ba ya rufe baki. Dattijo da furfura, ya je Makka ya dawo, amma surutunsa na mai tallan kifi. Kowane tsibiri muka doso sai ya ɗaga murya. “Ngalle, ga Liukang can, inda akuya ta cinye maka hula.” An jima, “Ngalle, ga bakin Selayar, hannun hagu, inda ka faɗa ruwa a gaban 'yan mata.” Daeng ya ce ƙarya yake, shi ya tura shi. Suka yi ta dariya har da tari.

Na ce wa Hajja Bau ya kamata mijinta ya rage, harshe ma za a tambaye shi ranar lahira. Ta ce in bar shi, in ya yi shiru ciwon kai yake yi.

Sun kama kifi babba, na yi miya da tsamiya. Burasa, ƙunshin shinkafar da na ɗaure a ganyen ayaba ranar Sallah, bai lalace ba. Asdar ya ci huɗu, shi da matarsa ke ciyar da shi taliyar leda.

Talata, 7 ga Shawwal, bayan asuba

Wa ke gida. Risma. Itacen fa. Yana nan lafiya.

Laraba, 8 ga Shawwal, da yamma

Mun jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, kusa da wani ɗan tsibiri da ba kowa sai bishiyoyin kwakwa. Ruwan kore shar, kana ganin yashin ƙasa da inuwar jirgi kwance a kansa. Ba zan ɓoye ba, yana da kyau. Na yi tasbihi.

Asdar da Wiwik suka faɗa ruwa, ita da dogon wando da riga, alhamdu lillahi, don na yi mata magana tun a gida. Hajja Bau ta tattare zani ta bi su zuwa gwiwa tana ihu kamar yarinya. Suka ce in zo. Na ce wani ya tsaya ya duba shinkafa.

Daga baya Daeng ya sauko da ni da kansa, ya riƙe mini hannu a tsani. Hannun nan kamar ɓawon kwakwa. Muka taka yashi har ƙarshen tsibirin. Ya nuna mini inda kunkurun ruwa ya haƙa rami ya binne ƙwai, ya ce kar in gaya wa Sattu, zai tono ya soya. Ya gaya mini sunan iska, ya ce gobe za ta juyo daga gabas. Magana tiryan-tiryan, ba inda ya tsaya neman kalma. Na ce a raina likitoci ma mutane ne, suna kuskure.

Da muka dawo ya ga Wiwik tana shanya riga. Ya gaishe ta da girmamawa, ya tambaye ta wane tsibiri za a sauke ta.

Ta kira shi yadda Asdar ke kiran ubansa, ta ce, “Pasiraya, Tetta, in ba damuwa.”

Ya ce ba damuwa, hanyarmu ce. Ya juyo gare ni a hankali ya ce fasinjar nan tana da tarbiyya, a ƙara mata kifi.

Na tare ta a bayan jirgi na ce ba a wasa da gaskiya, ko da alheri ake nufi. Ta ce, “To, Mama. Amma ai can ɗin zan sauka.” Idonta ya yi ja. Na ƙara mata kifin.

Alhamis, 9 ga Shawwal, da hantsi

Iska ta juyo daga gabas, kamar yadda ya ce.

Juma'a, 10 ga Shawwal, bayan magariba

Mun tsaya a wani ƙauye don mazan su yi Juma'a. Aka sallame, Asdar ya tsaya gaisawa da liman, Haji Sattu ya tsaya neman takalminsa.

Da suka waiwaya, babu Daeng. An same shi kafin la'asar. Yana can ɗaya gefen tsibirin, tsaye a ƙofar gidan wasu mutane, gida mai shuɗiyar matakala irin namu. Matar gidan ta shimfiɗa masa tabarma ta ba shi ruwa. Allah ya saka mata. Asdar ya ce wa Haji Sattu Tetta ya je duba wani tsohon aboki ne. Haji Sattu ya ce e, ya san mutumin, shi ma ya so zuwa.

Na yi wa Asdar faɗa sosai. Gaisuwa da liman ba farilla ba ce, riƙe uba farilla ne. Ya sunkuyar da kai kamar lokacin da yake ƙarami in ya fasa kwano. Sai da na gama na ga ƙafarsa tana jini, ba takalmi ya yi ta gudu a kan duwatsu. Na wanke masa da ruwan ɗumi. Ƙafar ubansa ce sak, har karkataccen ɗan yatsan.

Lafiya lau muke. Daeng ya ci abinci sosai.

Asabar, 11 ga Shawwal, da rana

Ban yi barcin rana ba. Na zauna inda nake ganinsa.

Lahadi, 12 ga Shawwal, bayan azahar

Akwai tarbiyyar da ko Makka ba ta gyarawa. Ba a buɗe jakar mutum sai da izininsa, wannan ko yaro ya sani.

Hajja Bau kanta ke ciwo, ta shiga jakata neman man shafawa. Ta ɗaga hijabin sallata. Na shigo na same ta zaune da ƙunshin a cinyarta, ta kwance bakin zanen.

Ta ce, “Kebo. Wannan ba shi ba ne?”

Na ce ta mayar inda ta ɗauko.

“Kin hau da shi jirgi? To me ya rage a tudu? Me zai ja mu gida?”

Na ce mata inji da iska da ikon Allah. Na tuna mata ita Hajja ce, bai dace a ji irin wannan magana daga bakinta ba. Ta ce ita dai uwarta ta gaya mata wata mata a Ara ta taɓa yin haka, jirgin bai nutse ba, amma ya yi ta yawo a teku har ruwan sha ya ƙare. Na ce kowace uwa a gaɓar nan tana da wata mata a Ara. Ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Na san alkawarin Hajja Bau, yakan kai har zuwa lokacin da ta ga mijinta.

Na sake ɗaure shi. Ɗan guntu ne, bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, ya yi baƙi da santsi saboda riƙo. Ga tabon nan a gefensa, inda gatarin masassaƙi ya goce. Ranar Daeng ya yi ta tsokanar mutumin har ya yi fushi.

Litinin, 13 ga Shawwal, bayan asuba

Wa ke gida. Risma. Itacen fa.

Hajja Bau tana zaune a wurin. Na ce yana nan lafiya. Ta dubi cikin kofinta.

Talata, 14 ga Shawwal, bayan la'asar

Iska ta ɗauke tun jiya. Ƙyalle ya rataye kamar wanki. Asdar ya tada inji, ya yi tari ya mutu. Tun safe yake cikin ramin inji, ya fito baƙi ƙirin, Wiwik tana riƙe masa fitila tana miƙa masa ƙarafa. Ba ta ƙara amai ba. Ta koyi fere kifi, ko da yake rabin naman take zubarwa.

Hajja Bau kallon jakata kawai take yi, ta kalli sama, ta yi ajiyar zuciya. Da ta faɗa da baki da ya fi mini sauƙi.

Zafi ya dami Daeng. Ya ƙi barin sanda ko da yake jirgin ba ya motsi. Na kai masa laima na tsaya na riƙe. Ya ce na gode, baiwar Allah.

Na gode, baiwar Allah.

Laraba, 15 ga Shawwal, da hantsi

Haji Sattu ya same ni ina wanke shinkafa. Ya tsuguna, abin da gwiwarsa ba ta so, ya yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ban san ya iya ba.

Ya ce in mun samu iska, akwai ƙauye kafin Pasiraya, ya san limamin. In ba shi itacen ya ajiye a gidansa, jirgi ya samu abin da ke jansa a tudu, in muna dawowa mu karɓa. Na ce ina mamakin mutum kamarsa. Na fara yi masa bayanin abin da malamai suka ce game da camfi, ya bar ni na kai ƙarshe.

Sannan ya ce, “Na ji, Malama. To in katako ne kawai, me ya sa kika ɗauko shi?”

Na ci gaba da wanke shinkafa.

Ya ce, “Tun bara na sani. Ya kira ni da sunan wansa da ya rasu, muna zaune a shagon gahawa. Kina tsammani don daɗin labari nake kiran sunan kowane tsibiri? Ba akuyar da ta ci masa hula. Tawa ta ci.”

Na zuba ruwan shinkafar a teku. Na ce kar Daeng ya san ya sani. Ya ce shi mahaukaci ne? Shekara nawa yana jiran ranar da zai ga Ngalle ya yi kuskure a kan ruwa, yanzu da ta zo ba ya son ta. Ya share fuska da hularsa ya ce hayaƙin murhuna ya cika yaji.

Ya ce mashigar Pasiraya ce ke damunsa. Siririya ce, duwatsun murjani hagu da dama, ruwa na ja. Shi sau biyu ya taɓa shiga, duka biyun Ngalle ne a kan sanda. Asdar ya shiga da ubansa yana saurayi, amma ya daɗe. Ya ce ko dai a karɓi sandar kafin nan. Na ce ba mai karɓa. Ya ce ya san haka zan ce.

Na nemi gafarar Allah a kan abin da na faɗa game da harshensa. Shi ban gaya masa ba, kansa zai kumbura.

Laraba, da yamma

Ba jirgi ne ke ɓacewa ba. Jirgi ya san hanya.

Alhamis, 16 ga Shawwal, bayan azahar

Inji ya tashi. Datti ne a cikin mai, in ji Asdar. An jima iska ma ta dawo. Na dubi Hajja Bau, ta ce ita ba ta ce komai ba.

Mun wuce ƙauyen limamin. Haji Sattu ya dube ni, na dubi ruwa. Ya ɗaga murya ya ce, “Ngalle, ga inda ka sayi zakara aka ba ka kaza.” Daeng ya ce kazar ta fi shi hankali.

Wiwik ta taje mini kai. Ban nema ba. Ta ce gashina ya fi na uwarta laushi. Na ce daɗin baki ba ya cikin halayen kirki. Hannunta yana da sauƙi, na bar ta ta gama.

Juma'a, 17 ga Shawwal, bayan asuba

Yau bai tambaya ba. Na zuba gahawa na jira. Ya karɓa ya sha, yana kallon gabas.

Asabar, 18 ga Shawwal, bayan la'asar, Pasiraya

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Mun iso bakin mashiga rana ta ɗaga, yadda ake so, don a ga launin ruwa. Aka sauke ƙyalle, inji na tafiya a hankali. Daeng a kan sanda, Asdar a gefensa hannu a baya, Haji Sattu a gaba yana leƙen ruwa. Daeng ya shigar da mu daidai. Duwatsu suka taso hagu da dama, ja da ruwan ƙasa, kusa har kana iya taɓa su da gora. Muka yi kwana ta farko lafiya. Ina ganin rufin masallaci da yara a kan yashi.

Sai Daeng ya tsaya. Na san tsayuwar. Ya dubi tsibirin, ya dubi Asdar, ya dubi mu mata, kamar wanda ya farka a ɗakin da ba nasa ba.

Ya ce, “Ba nan ba ne. A juya. Kebo tana jira a bakin ruwa.”

Asdar ya ce, “Tetta, ga Mama nan.”

Ya dube ni. Kallo mai ladabi, irin wanda ake yi wa matar wani. Ya ce mu yi haƙuri, zai sauke mu wani lokaci, matarsa ta daɗe a tsaye da itace, rana tana dukanta. Ya fara tura sanda.

Ba wurin juyawa a nan. Kan jirgi ya fara karkata wajen duwatsu. Haji Sattu ya juyo, karo na farko ba labari a bakinsa. Na ga hannun Asdar ya fito daga baya. Ya dube ni. Ɗana ne, ko a wannan halin izinina yake jira.

Na ce ya dakata. Ban san lokacin da na shiga ɗaki na fito ba. Na tsaya a gaban Daeng, nesa kaɗan, na riƙe ƙunshin da hannu biyu a ƙirjina, yadda nake tsayawa a bakin ruwan Bira. Na kwance bakin zanen don ya gani.

Ya dubi itacen. Ya miƙo hannu ɗaya ya shafa tabon gatarin da babban yatsa. Sannan ya ɗago.

“Kebo. Kin daɗe a tsaye?”

Na ce ban daɗe ba, Daeng.

“Ashe mun iso.” Ya saki numfashi. Ya juya ya ce, “Asdar, karɓi, ka shigar da shi. A hankali, ba motar birni ba ce.”

Ya ɗauke hannunsa, Asdar ya ɗora nasa. Da muryar mai jirgi ya faɗa, kowa ya ji. Ya gyara zaninsa ya wuce gaban jirgi, ya ce wa Haji Sattu ya matsa, ya tare wa mutane hanya da tumbi. Ya tsaya a can yana kallon ruwa. Ban sani ba ko Bira yake gani ko Pasiraya. Amma hannunsa ya fara aiki da kansa, ya nuna dama, ya nuna hagu, ya daki iska a rage gudu, Asdar yana bi. Sau ɗaya cikin jirgi ya goga wani abu, muka ji a ƙafafunmu, ya wuce. Sai ruwa ya buɗe, fari tas har yashi.

Da aka jefa anka Haji Sattu ya ce ya taɓa ganin shiga mafi kyau. Daeng ya ce a ina, a mafarki? Hajja Bau tana kuka tana cewa hayaƙin inji ne. Gidan nan kowa hayaƙi ke damunsa. Wiwik ta zo ta tsaya kusa da ni, ta riƙe gefen hijabina kamar ƙaramar yarinya. Na zauna a kan buhun shinkafa.

Asdar bai saki sandar ba har bayan an kashe inji. Sai da matarsa ta ɓamɓare masa yatsu.

Lahadi, 19 ga Shawwal, da hantsi

Mun je kabari. Daeng ne ya kai mu, bai yi kuskuren kwana ko ɗaya ba, har ta bayan rijiya inda hanya ta fi kusa. Ya cire ciyawa da hannunsa, ya zuba ruwa, ya yi addu'a mai tsawo. Ya gabatar da mu ga mahaifiyarsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Wiwik ya ɗan tsaya. Ya ce, wannan tamu ce.

Dangi sun yanka akuya. Haji Sattu ya ce a duba cikinta ko hularsa na nan.

Tsofaffin tsibirin sun tambayi wa ya shigo da jirgi jiya. Daeng ya ce ɗansa, shi ya koya masa. Haji Sattu ya ce ƙwarai, a gabansa aka yi.

Talata, 21 ga Shawwal, bayan azahar

Jiya ba ta yi kyau ba. Ba zan rubuta ba. Ya ci abinci kaɗan.

Laraba, 22 ga Shawwal, da yamma

Gobe za mu juya. Asdar ne a kan sanda, ba wanda ya yi maganar. Daeng ya zaɓi wurinsa a gaba, Wiwik ta ɗaura masa rumfa da tsohon zani.

Hajja Bau ta tambaye ni ko in mun koma zan mayar da itacen cikin akwati. Na ce a'a. Na ɗinka masa jaka da ragowar zanen, mai igiya, ina rataya shi a ƙarƙashin hijabi. Yana da ɗan nauyi, wuya zai saba. Ta ce to me zan gaya wa matan unguwa ranar Juma'a? Na ce abin da na saba gaya musu, Allah ne ke dawo da matafiyi. Ta buɗe baki, na ce ta je ta duba wuta.

Asdar ya ce in mun isa zai nemi a mayar da aikinsa kusa da gida. Na ce kada ya yanke shawara da zafi, mace tana da haƙƙi a kan inda za ta zauna. Wiwik ta ce ita ta kawo maganar. Na ce to sai ta koyi fere kifi kamar mutane.

Alhamis, 23 ga Shawwal, bayan asuba

Na zuba gahawa. Ya karɓa, ya daɗe yana kallona.

“Wa ke gida?”

Na ciro jakar na ɗora a cinyata. Na ce ni ce, Daeng.

Ya ɗora hannu a kai. Ya ce, “To. Gahawar nan ba sukari.”

Akwai sukari. Na ƙara masa.